Darasi na 14: Zaɓen jirgi mai saukar ungulu da dokokin mallakarsa a ƙasar Abzin

Manufar darasi

A ƙarshen wannan darasi mai karatu zai iya bayyana abubuwan da ake dubawa kafin a zaɓi jirgi mai saukar ungulu a ƙasa mai zafi da rairayi irin tamu. Zai iya lissafa takardun da doka ta wajabta wa jirgi da matuƙinsa, ya kuma yi lissafin da zai nuna masa ko saye ya fi ko haya.

Abin da ya kawo maganar Cirozerin

Wanda ya ga maganar jirgi mai saukar ungulu a littafin karatun manya yana iya cewa an rasa abin koyarwa ne, tun da lissafin yawancin magidanta a Cirozerin bai wuce na taki da man injin ban-ruwa da kuɗin motar Agadas ba. Amma a duba yadda ƙasar take. Tsakanin Cirozerin da Agadas kimanin kilomita 70 ne ta hanyar mota, daga nan kuma sai duwatsun Abzin su miƙe zuwa Dabaga da Tabelot har kan Bagzan, inda tsauni mafi tsayi a Nijar yake, mai mita 2,022. Da damina ƙoramu kan taso su yanke hanya, mota ta kwana a bakin ruwa da mara lafiya a ciki, kuma mutanen Agadas ba su manta da abin da ƙoramar Telwa ta yi wa garinsu a farkon Satumba na 2009 ba. Ga kuma dukiyar ƙarƙashin ƙasa: tashar SONICHAR tana ƙona kwal ɗin Anu Araren tun 1981 tana tura wuta Arlit da Akokan da Agadas, kuma tun 2014 da aka gano zinariya a Jado da Cibarakaten kuɗi suka shigo hannun mutanen da a da ba su riƙe irinsu ba. A irin wannan ƙasa, mai nisa da duwatsu da sabon arziki, dole wata rana kamfani ko attajiri ko majalisar jiha su yi tunanin sayen jirgin da ba ya buƙatar titi. Ya kamata talaka ya san tambayoyin da ake yi kafin a kashe irin wannan kuɗi, musamman idan na jama'a ne.

Maganar da darasin nan zai kare guda ɗaya ce. Mai kuɗi shi ne na ƙarshe wajen zaɓen jirgi: zafi da tsayin ƙasa da rairayi da wurin shan mai su ke fara tantancewa, doka ta bi bayansu ta sake tantancewa, abin da ya rage shi ne ake sa wa farashi. Wanda ya juya wannan tsari, ya fara da farashi ko da kyan jirgi, ya sayi abin da zai ruɓe a rumfa ko abin da zai kashe shi.

Zafi da tsayin ƙasa

Jirgi mai saukar ungulu yana tashi ne domin babbar farfelarsa tana tura iska ƙasa da ƙarfi, iskar kuma ta ɗaga shi. Saboda haka ƙarfinsa ya dogara ga kaurin iskar da farfela ta samu. Iska tana raguwa da kauri idan an hau sama, tana kuma raguwa idan ta yi zafi, kuma a Abzin abubuwan biyu sukan haɗu. Masu ƙera jirage suna auna su ne bisa wani ma'auni na duniya wanda ya ɗauka cewa zafi a bakin teku digiri 15 ne, yana sauka da digiri 6 da rabi a kowane mita 1,000 na hawa. Duk digiri ɗaya da zafi ya ƙaru a kan wannan ma'auni, jirgi yana jin kamar an ƙara masa tsayin mita 36 ko 37. Filin jirgin Agadas yana kan mita 500 ko ɗan sama da haka, inda ma'aunin ke tsammanin digiri 12. Idan rana ta kai digiri 42 a watan Mayu, bambancin ya zama digiri 30, wato ƙarin mita 1,100, sai jirgin da ke zaune a mita 500 ya yi aiki kamar yana mita 1,600. A kan Bagzan, idan aka sauka a wuri mai tsayin mita 1,600 da zafin digiri 32, jirgi zai ji kamar yana mita 2,600. Jirgin da ya ɗauki mutum huɗu cikin sauƙi da sanyin safiya a watan Janairu yana iya kasa ɗaga uku da azahar a bazara.

Nan ne bambancin injuna yake fitowa. Akwai injin fistan, ɗan uwan na mota, irin wanda ke cikin Robinson R22 mai kujera 2 da R44 mai kujera 4. Shi ne mafi araha, kuma R44 yana cikin jiragen da masu zaman kansu suka fi saya a duniya tun fitowarsa a farkon shekarun 1990. Sai dai injin fistan da ba shi da na'urar cusa masa iska yana rasa kusan kashi 3 cikin 100 na ƙarfinsa a kowane mita 300 na hawa, kuma nauyin R44 gaba ɗaya, da mai da mutane da kaya, ba a yarda ya wuce kilo 1,134 ba a samfurin Raven II. Akwai kuma injin tarbin, mai ƙarfi da rashin nauyi, irin na Robinson R66 da Bell 206 da Bell 505 da Airbus H125, wanda a da ake kira Écureuil. Wannan na ƙarshen yana tashi da kilo 2,250, kuma irinsa ne matuƙi Didier Delsalle ya saukar a kan tsaunin Everest ranar 14 ga Mayu 2005. Kowane jirgi yana zuwa da littafin da mai ƙera shi ya rubuta, a ciki akwai jadawalin da ke nuna nauyin da zai iya tsayawa da shi cak a iska a kowane tsayi da kowane zafi. Mai saye daga Cirozerin ya buɗe wannan shafin kafin ya tambayi farashi, ya nemi layin digiri 40 zuwa 45, domin shi ne layin ƙasarsa.

Rairayi, mai da nisa

Abu na biyu shi ne rairayi. Inji yana zuƙar iska mai yawa, kuma duk ƙurar da ta shiga tana cin cikinsa sannu a hankali, tana kuma goge gaban farfela har ƙarfen ya sirance. Shi ya sa jirgin da zai zauna a nan sai da matatar rairayi a bakin injinsa, kuma sai an riƙa duba shi fiye da yadda ake duba ɗan uwansa da ke aiki a ƙasa mai ciyawa. Haɗarin da ya fi wannan gaggawa yana zuwa ne lokacin sauka: iskar farfela kan tayar da ƙura ta lulluɓe jirgi, matuƙi ya daina ganin ƙasa a daidai lokacin da ya fi buƙatar ganinta. Da hunturu kuma hazo kan rufe sararin sama kwana da kwanaki. Galibin ƙananan jirage masu inji ɗaya an yi su ne don a tuƙa su da ido, matuƙi yana ganin ƙasa da gefen sama, don haka ranar da hazo ya sauka jirgi yana ƙasa komai girman buƙata.

Abu na uku shi ne mai. Injin fistan yana shan wani fetur na musamman na jirage da ake kira afgas, wanda samunsa ke da wuya a ƙasashen Sahel, sau da yawa sai an yi odarsa a cikin ganguna. Injin tarbin yana shan kananzir ɗin jirage, Jet A-1, irin wanda manyan jirage ke sha, don haka ya fi samuwa a manyan filaye. R44 yana shan lita 55 zuwa 60 a awa, H125 kuma kusan lita 180. Mai arahar sha ke nan shi ne mai wuyar samun abin sha, kuma jirgin da babu mansa a Agadas ba shi da amfani a Cirozerin ko da kyauta aka ba da shi. Ajiye mai a ganga a cikin zafi ma wani aiki ne, don ruwa da datti suna shiga, kuma ɗigon ruwa a cikin mai yana iya kashe inji a sama.

Sai nisa. Cikin tanki ɗaya R44 yana cin kimanin kilomita 550, H125 kuma ɗan sama da 600, ba tare da an cire man ajiya ba. Ƙa'idar duniya ta ce jirgi mai saukar ungulu da ake tuƙawa da ido ya sauka da sauran man da zai kai shi minti 20, kuma mai hankali a hamada yana barin fiye da haka. Daga Agadas zuwa Arlit a miƙe kimanin kilomita 200 ne, zuwa Tawa ko Damagaram kusan 370, zuwa Bilma sama da 550, zuwa Yamai kusan 740. Wannan yana nufin babu ɗaya daga cikin jiragen nan da zai kai mara lafiya babban asibitin Yamai kai tsaye, sai ya tsaya ya sha mai a hanya. Ƙarfin jirgi mai saukar ungulu yana cikin gajeren zango mai wuyar hanya, kamar daga ƙauyen da ke kan dutse zuwa Agadas. Doguwar tafiya tsakanin garuruwan da ke da fili, irin su Agadas da Arlit da Iferwan da Dirku, ƙaramin jirgi mai fiffike ya fi shi sauri da araha.

Takardun jirgi

Mai mota ya san ba ya hawa titi sai da permi da kart giriz da takardar inshora da ta duba lafiyar mota. Na jirgi ma haka tsarin yake, sai dai tushensa yarjejeniya ce ta duniya da aka sa wa hannu a Shikago ranar 7 ga Disamba 1944, wadda ta haifi hukumar sufurin jiragen sama ta duniya, OACI, mai hedkwata a Montreal ta Kanada. Nijar memba ce, kuma hukumar da ke zartar da waɗannan ƙa'idoji a cikin gida ita ce ANAC da ke Yamai. Yarjejeniyar ta ce jirgi ɗan ƙasar da aka yi masa rajista ne, kuma ba a yi masa rajista a ƙasa biyu lokaci guda. Wanda ya sayo jirgi daga Faransa ko Afirka ta Kudu, sai an soke sunansa daga rajistar can, an biya duwan, kafin a rubuta shi a nan a ba shi alamar Nijar, wato 5U da haruffa uku a bayanta, kamar yadda na Najeriya ke ɗauke da 5N. Sashe na 29 na yarjejeniyar ya lissafa takardun da jirgi mai ƙetare iyaka zai riƙe: takardar rajista, takardar shaidar lafiyar tashi, lasisin matuƙa, littafin tafiye-tafiye, lasisin rediyo, da jerin fasinja da na kaya idan yana ɗauke da su. A kan waɗannan ake ƙara inshorar da za ta biya wanda jirgi ya yi wa ɓarna a ƙasa.

Takardar shaidar lafiyar tashi ita ce mai cin kuɗi, domin tana raye ne muddin ana kula da jirgi yadda mai ƙera shi ya tsara. Ana duba shi bayan kowace awa 100 ta tashi da kuma kowace shekara. Sassa da yawa, kamar farfela da sandar da ke juya ta, suna da iyakar awoyi, idan sun cika a cire su ko da ido yana ganin lafiyarsu ƙalau. Duk aikin da aka yi sai bakanike mai lasisin jirage ya sa hannu a littafin jirgin, kuma jirgin da littattafansa suka ɓace darajarsa ta zube, don ba wanda zai iya rantsuwa a kan shekarun sassansa. Kamfanin Robinson ya wajabta a kwance R44 gaba ɗaya a sabunta shi bayan awa 2,200 ko shekara 12, duk wanda ya riga zuwa. Attajirin da ke tashi awa 100 a shekara zai cika shekara 12 da awa 1,200 kacal, ya biya kuɗin sabuntawa cif, awa 1,000 da ya saya sun tafi a banza. Jirgi yana tsufa ko yana zaune a rumfa. Wanda zai sayi na hannu kuwa, kada ya yarda da bakaniken mai sayarwa, ya kawo nasa ya bi littattafan shafi-shafi.

Lasisin matuƙi

Mallakar jirgi ba ta ba mutum ikon tuƙa shi. Ƙa'idar OACI ta raba lasisi hawa-hawa. Na farko shi ne lasisin mai tuƙa wa kansa: sai mutum ya kai shekara 17, ya yi aƙalla awa 40 yana tashi da jirgi mai saukar ungulu, ko 35 a makarantar da hukuma ta amince da tsarinta. A cikinsu awa 10 shi kaɗai ne a jirgi, 5 daga ciki tafiya ce daga gari zuwa gari, har da zango ɗaya na kilomita 180 da sauka a wurare biyu daban-daban. Ƙasashen Turai sun ɗaga adadin zuwa awa 45, kuma yawancin ɗalibai sukan wuce mafi ƙarancin kafin su ci jarrabawa. Akwai jarrabawar rubutu a kan dokar sama da yanayi da taswira da yadda inji ke aiki da maganar rediyo da iyakar jikin ɗan Adam, akwai kuma ta aiki, inda ɗalibi zai nuna yana iya saukar da jirgi lafiya idan inji ya mutu, ta hanyar barin iskar da ke tasowa daga ƙasa ta ci gaba da juya farfela. Sai takardar likita mai daraja ta 2, wadda ke duba ido da ji da zuciya da sukari. Tana aiki wata 60 ga wanda bai kai shekara 40 ba, ta koma wata 24 bayan haka.

Mai wannan lasisi yana iya ɗaukar iyalinsa da abokansa, amma haramun ne ya karɓi kuɗin haya. Wanda zai ci abinci da tuƙi sai ya hau mataki na biyu: shekara 18, awa 150 ko 100 a tsararren kwas, da takardar likita mai daraja ta 1 da ake sabuntawa kowace shekara. Shi ma mai jirgin, idan yana son ɗaukar fasinja ko kayan masu haƙar zinariya a biya shi, sai ya kafa kamfani ya sami takardar izinin jigila daga ANAC, da littattafan aiki da shugaban matuƙa da tsarin gyara da hukuma ta bincika. Ban da wannan, ana rubuta wa matuƙi irin jirgin da ya ƙware a kai, wanda ya koyi R44 ba ya hawa H125 sai ya sake horo. Tashi cikin hazo da gajimare da na'urori kaɗai yana da nasa izinin dabam. Lasisin da aka samo a waje kuma ba ya aiki a jirgi mai alamar 5U sai ANAC ta inganta shi ko ta musanya shi, abin da ya shafi kusan kowa, tun da masu koyon wannan tuƙi galibi waje suke fita. Makarantar EAMAC da ke Yamai tun 1963 masu kula da zirga-zirgar sama da masana yanayi da masu gyaran na'urori take horarwa. Su ne ma'aikatan ASECNA, hukumar da ƙasashen Afirka da Faransa suka kafa a 1959, wadda matuƙi ke miƙa wa takardar shirin tafiyarsa kafin ya tashi.

Masu ja da wannan magana

Wani zai ce duk wannan doka an yi ta ne don sararin Turai mai cunkoso, mu kuwa hamada ce, babu wanda za ka yi karo da shi. Amsa ita ce faɗin hamadar shi ne babban dalilin dokar. Takardar shirin tafiya tana faɗin inda ka nufa da lokacin isarka da yawan manka, kuma ita ce ke sa a fara nemanka idan ba ka iso ba. Na'urar kiran ceto mai aika sigina ga tauraron ɗan Adam a kan zangon rediyo na 406 MHz ita ce ke nuna inda ka faɗi. A wurin da ruwan gora ɗaya ke raba rai da mutuwa, bambancin awa shida da kwana uku na nema ba ƙarami ba ne. Filin jirgin Agadas yana ɗauke da sunan Mano Dayak, wanda ƙaramin jirgi ya faɗi da shi a Abzin ranar 15 ga Disamba 1995. Ga kuma tsaro: sashe na 9 na yarjejeniyar Shikago ya ba kowace ƙasa ikon hana tashi a wasu yankuna, jihar Agadas ta zauna ƙarƙashin dokar tsaro ta musamman daga 2007 zuwa 2009, kuma an rufe sararin Nijar baki ɗaya daga 6 ga Agusta zuwa 4 ga Satumba 2023. Jirgin da ya tashi ba sanarwa a irin wannan yanki yana iya sa a ɗauke shi na maƙiyi.

Wani kuma zai ce shi mai kuɗi ne, zai ɗauki ƙwararren matuƙi, ba ruwansa da sanin doka. Wannan ya fi na farko haɗari, domin mai jirgi shi ne ke matsa wa matuƙi lamba. Ranar 14 ga Janairu 1986 tseren motoci na Paris zuwa Dakar, wanda ya saba ratsa Tenere da Agadas, ya tashi daga Yamai ya nufi Gurma-Rarus a Mali. Da dare ya yi, ga iska mai ƙura, jirgin Écureuil da ke ɗauke da shugaban tseren, Thierry Sabine, ya faɗi kusa da zango, mutum biyar suka mutu, har da mawaƙi Daniel Balavoine. Jirgin irin wanda muka yaba ne a sama, kuma Sabine ya san hamada sosai, har a Tenere aka watsa tokarsa. Duk da haka duhu da ƙura sun fi ƙarfinsu. A Fabrairu 2024 ma, shugaban kamfanin da ya mallaki bankin Access na Najeriya, Herbert Wigwe, ya rasu a hamadar Kaliforniya cikin jirgin haya da ya shiga mummunan yanayi da dare. Mai jirgin da ya san dalilin doka shi ne zai iya jin matuƙinsa ya ce yau ba tashi, ya haƙura ya kwana, don da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Ja na uku ya fi sauran nauyi. Ana cewa tsananin doka yana danne basirar gida yana bar wa kamfanonin waje fili, a kawo misalin ɗalibin Jami'ar Bayero ta Kano da kafofin labarai suka ruwaito a 2007 cewa ya haɗa jirgi mai saukar ungulu da kayan tsofaffin motoci. Akwai gaskiya a nan. Kuɗin horo a waje ya fi ƙarfin ɗan talaka, kuma hukumar da ta iya hani kaɗai ba ta cika aikinta ba. Amma maganin shi ne a buɗe ƙofa a cikin dokar. Amurka da Faransa suna da tsari na musamman ga jiragen da mutane suka ƙera da hannunsu, ana duba su, a ƙayyade musu inda za su yi gwaji, a hana su ɗaukar fasinjan haya. Abin nema ke nan, tare da guraben karatu ga matasan jiha a fannin tuƙi da gyara, kamar yadda kwalejin jiragen sama ta Zariya, wadda aka kafa a 1964, ke horar da ƴan Najeriya. Sassauta awoyin horo ko duban likita ba zai taimaki kowa ba, domin farfela ba ta san ɗan gida da baƙo ba.

Saye ko haya

Idan aka bi matakan nan, zaɓin da ya rage wa mai saye a Cirozerin kaɗan ne: jirgi mai injin tarbin, da matatar rairayi, wanda jadawalinsa ya nuna yana ɗaga nauyin da ake so a zafin bazara, wanda kuma ake samun bakanikensa da kayan gyaransa ba tare da jiran watanni ba. Sabon R44 ya kai ko ya haura dalar Amurka dubu 500, abin da ya doshi sefa miliyan 300, H125 kuma ya wuce dalar Amurka miliyan 3, wato sama da sefa biliyan ɗaya da rabi. Kuɗin saye shi ne mafarin kashewa. Albashin matuƙi da na bakanike da inshora da rumfa da sabunta takardu ana biyansu ko jirgi ya tashi ko bai tashi ba, sai a raba su a kan awoyin da ya yi a shekara. Idan awoyin kaɗan ne, kowace awa tana tsada fiye da ta haya. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa, amma ya kamata ya auna yawan zubar kafin ya biya.

Saboda haka mutum ɗaya da ke buƙatar jirgi sau biyar ko goma a shekara haya ta fi masa, daga kamfanin da ke da takardar izinin jigila, kuma haƙƙinsa ne ya nemi ganin takardar da ta inshora kafin ya hau. Saye yana da ma'ana ne inda buƙatu suka taru suka cika awoyi: kamfanonin ma'adinai da hukumar lafiya da masu aikin ceto su yi yarjejeniya a kan jirgi ɗaya da ke zaune a Agadas, da matuƙa biyu da tankin mai da wuraren sauka da aka share aka shata a ƙauyukan kan dutse. Ko a nan ma sai an gwada kuɗinsa da abin da kuɗin zai yi in an sa shi a gyaran mashigin ƙorama ko motar asibiti ko ɗakin haihuwa a Tabelot. Duk wanda ya zo wa jama'a da shawarar sayen jirgi, a tambaye shi nauyin da yake ɗagawa a digiri 45, inda zai sha mai, wanda zai sa hannu a littafin gyaransa, da awoyin da zai yi a shekara. Idan ba shi da amsar waɗannan huɗu, bai kai ga maganar farashi ba.

Tambayoyi

1. Me ya sa jirgin da ya ɗaga mutum huɗu a watan Janairu zai iya kasa ɗaga su a watan Mayu?
2. Wani wuri yana kan mita 1,000, inda ma'aunin duniya ke tsammanin digiri 8 da rabi. Idan zafi ya kai digiri 38 da rabi, wane tsayi jirgi zai ji?
3. Kawo bambanci biyu tsakanin injin fistan da injin tarbin, ka faɗi wanda ya dace da Abzin da dalilinka.
4. Waɗanne abubuwa ne mai lasisin tuƙa wa kansa ba shi da ikon yi?
5. Mai R44 yana tashi awa 150 a shekara. Awa nawa zai yi asara idan shekara 12 ta cika?

Aikin rukuni

Ku zaɓi injin da ake amfani da shi a garinku, kamar injin ban-ruwa ko injin niƙa ko motar ɗaukar albasa. Ku rubuta kuɗin da ake kashe masa ko ya yi aiki ko bai yi ba, da kuɗin da ake kashewa sai ya yi aiki, sannan ku lissafa kwana nawa zai yi aiki a shekara kafin sayensa ya fi hayarsa.